Injin Peugeot 504 Da Ya Sha Wuta: A Gyara Shi Ko A Sayar Wa 'Yan Gwangwan?

A hunturun da ya wuce, wata ƙungiyar manoma da muke aiki tare da ita a wani ƙauye tsakanin Kankia da Kusada ta gamu da tsautsayi. A-kori-kurar ƙungiyar, tsohuwar Peugeot 504, ta kama da wuta a kan hanya tana ɗauke da harawa. Direba da yaron mota sun fita lafiya. Mutanen da ke kusa suka taru, wasu suka janye harawar, wasu suka yi ta watsa ƙasa a gaban motar, daga baya wani ya kawo jarkokin ruwa aka sheƙa. Wutar ta mutu, amma gaban motar ya koma baƙi ƙirin.

Wannan mota ita ce ke kai amfanin gonar 'yan ƙungiya kasuwa, ita ke ɗauko taki, kuma sau da dama ita ce ke kai mai naƙuda babban asibitin Kankia da tsakar dare. Saboda haka da aka zauna taro, magana ta yi zafi. Shugaba, dattijo ne, ya ce, "'Ya'yana, injin Fijo ba ya mutuwa, a wanke shi a tayar." Ma'aji kuwa ta ce, "Baba, kuɗin asusun nan na taki ne. In muka zuba su a ƙarfen da ya ƙone, da me za mu shiga damina?" Aka juyo gare ni ana neman shawara. Ni ba makaniki ba ne, don haka na nemi a ba ni mako biyu. Abin da na koya a wajen makanikai da masu gogar ƙarfe, da abin da na karanta, shi ne na ga ya dace in rubuta a nan, domin ba wannan ƙungiya ce kaɗai ke riƙe da tsohuwar mota ba. Yawancin bayanin kuma zai amfani masu injin niƙa da injin ban ruwa.

Me ya sa ake ta ja-in-ja a kan tsohon ƙarfe?

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin haɗa motocin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara aiki a 1975, a shekarar da wata 504 ta ci gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har zuwa 2006. Ke nan ko wadda ta fi kowace ƙuruciya a cikinsu ta kai shekara ashirin ko ta kusa.

A Turai 504 ta zama motar tarihi. Masu sha'awa na ajiye ta a rumfa, suna goge ta, kuma a wurinsu injin da motar ta fito da shi daga kamfani yana ƙara mata daraja, don haka sukan kashe kuɗi masu yawa su ceto shi ko da ya ƙone. A 2011 ma an yi gwanjon 504 ta 1977 mallakar shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, a kan dala miliyan 2.5, kodayake sunan mai ita aka saya, ba ƙarfen ba. Mu a nan lissafinmu daban ne. Ba wanda zai ƙara maka ko sisi a tasha don injinka na asali ne. Tambayarmu ɗaya ce: in an gyara, zai ɗauki buhu ya kai kasuwa ya dawo, shekara biyu ko uku, ba tare da ya cinye asusu ba?

Yadda aka gina injin

Sai an san wannan kafin a fahimci sauran bayanin. Gangar jikin injin fetur na 504, wadda makanikai ke kira bulok, ƙarfen zubi ce mai kauri. Murfin sama, wato tof silinda, alminiyam ne, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi. Ramukan da fistin ke hawa da sauka a cikinsu ba a jikin bulok aka huda su ba. Silibi ne guda huɗu da ake zurawa a cire, ruwan sanyaya inji yana kewaye su kai tsaye. Wannan shi ne sirrin daɗewar injin a ƙasarmu: in silibi ya cinye, sai a sayo sabon saiti da fistin da ringi a zura, inji ya koma kamar sabo. Motar 505 ma ta yi amfani da dangin wannan inji, abin da ya ƙara yawan kayan gyaransa a kasuwa.

To, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarafa yana da iyakar zafin da yake ɗauka, kuma nan ne wuta ke barin shaida.

Wuta tana rubuta zafinta a jikin inji

Ba wanda ke tsayawa da ma'auni lokacin gobara, amma abin da ya narke da abin da bai narke ba za su gaya maka iyakar inda zafin ya kai. Roba da leda da rigar waya su ne farkon tafiya, kuma tafiyarsu ba ta nuna komai game da cikin inji. Dalmar da aka liƙe lagireton tagulla da ita tana narkewa a wajen digiri 200 na ma'aunin Salshiyas. Jikin kafireta haɗin zinki ne, yana narkewa kafin digiri 400. Alminiyam zalla yana narkewa a digiri 660, haɗaɗɗensa kuma ƙasa da haka kaɗan. Jan ƙarfen da ke cikin waya sai a digiri 1085, ƙarfen zubi kuwa sai an haura 1100. Gobarar mota da aka bari ta ci son ranta tana iya kai digiri 800 ko fiye.

Saboda haka abu na farko shi ne a buɗe gaban motar a duba da ido, kafin kowa ya sa sifana. In wayoyi da tiyo sun ƙone amma kafireta na nan da siffarta, wutar ba ta daɗe ba, kuma akwai kyakkyawan zato cewa cikin inji lafiya yake. In kafireta ta lotsa ko ta zube, zafi ya yi yawa a gefen, sai a sa wa tof silinda alamar tambaya. In kuwa aka ga alminiyam ya narke ya ɗiga ƙasa kamar kitse, gilashin gaba ya lanƙwashe, tayoyin gaba sun ƙone saura waya, to a daina maganar gyaran wannan inji.

Akwai abu guda da ke kare inji daga ciki, wato ruwan lagireto. Muddin ruwa na cikin bulok da tof silinda, zafin ƙarfen ba zai wuce na tafasar ruwa da yawa ba, kamar yadda tukunya ba ta narkewa a kan murhu in da ruwa a cikinta. Amma da zarar tiyon ƙasa ya ƙone ruwan ya tsiyaye, kariyar ta tafi. Shi ya sa tsawon lokacin gobara ya fi girman harshenta muhimmanci. Wuta mai tsawon mutum da aka kashe cikin minti biyu ba ta kai ƙaramar wuta da ta yi rabin awa tana ci ɓarna ba. A tambayi direba da waɗanda suka ga abin, a kuma ja sandar auna baƙin mai a duba. In man na nan da ruwa-ruwansa, ƙasan inji bai dahu ba. In ya daskare kamar kwalta yana warin ƙuna, zafin ya shiga har ciki.

Ɓarnar da masu taimako ke yi

Wannan ɓangaren ya fi ba ni mamaki, domin ban taɓa tunaninsa ba. Wani tsohon makaniki a Kankia ya ce mini, "Malam, rabin injinan da ake kawo mini bayan gobara, ba wuta ce ta kashe su ba, masu kashe wutar ne." Ba zargin kowa yake yi ba, domin wanda ya ga wuta dole ya yi amfani da abin da hannunsa ya samu, kuma rai ya fi inji. Amma ya kamata a san sakamakon.

Ruwan sanyi a kan ƙarfen zubi mai tsananin zafi yana sa bayansa ya tsuke nan take alhali cikinsa na buɗe, sai ya tsage. Tsagewar kan zama siririya ƙwarai, ido ba ya ganinta, sai an gama kashe kuɗi an tayar da inji sannan ruwa ya fara haɗuwa da baƙin mai. Ƙasa kuma, in gidan matatar iska ya ƙone, takan gangara ta maƙogwaron kafireta ta shiga silinda. Garin da ke cikin tukunyar kashe gobara shi ma yana cin ƙarfe in ya haɗu da laima aka bar shi. Ga kuma tsatsa: wuta ta ƙone fenti da maiƙon da ke kare ƙarfe, an kuma zuba ruwa, don haka cikin 'yan kwanaki silibi ya fara ja, ringi ya manne. Motar da ta ƙone aka bar ta a gindin bishiya har damina ta wuce a kanta, ko da a ranar farko tana da ceto, ta riga ta rasa shi.

Daga nan sai babban kuskure, wanda shugaban ƙungiyarmu ya so a yi: a sa sabon batir da waya a murza a ji ko zai tashi. Kada a yi haka. In akwai ƙasa a silinda, murzawar za ta karce silibi da fistin da za a iya ceta. In akwai ruwa, ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Abin yi shi ne a kwance fulogai, a zuba ɗan baƙin mai da kananzir a kowane rami, a rufe da tamfol, a ja motar zuwa gareji cikin makon.

Abin da za a duba in an sauke inji

A gareji, a ce wa makaniki a fili cewa kuɗin buɗewa da dubawa kawai za a biya tukuna, ba na gyara ba. Wannan yarjejeniya tana da amfani, domin in ba haka ba za a wayi gari an sayi rabin kaya kafin a gano bulok ya tsage.

A fara da bulok, tunda shi ne tushe. Akwai tsohuwar dabara mai araha: a wanke shi tas, a shafa kananzir, a bari ya ɗan jima, a goge ya bushe, sannan a shafa garin alli. Duk inda akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige zai dawo ya zana layi a jikin allin. A lura musamman da kewayen ramukan kusoshin tof silinda da mazaunin silibi. Bulok da ya tsage a waɗannan wurare, shawarata a bar shi. Za a sami mai walda da zai ce zai ɗinke, kuma wani lokaci yakan riƙe, amma waldar ƙarfen zubi aiki ne mai wuya, ba abin da ƙungiya za ta jingina kuɗin jama'a a kansa ba ne.

Sai tof silinda, kuma a nan aka fi yaudarar kai. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa a ga ko ya karkace. Karkatar da aka yarda da ita ba ta wuce kaurin silin gashi ba. In ta wuce, masu gogar ƙarfe za su iya share fuskar ta daidaita. Sai dai akwai abin da sharewa ba ta gyarawa. Alminiyam yana yin laushi tun da daɗewa kafin ya narke. Zafin da ya haura digiri 250 ya jima ya isa ya rage masa tauri. Tof silinda mai laushi yana da kyan gani, amma in an ɗaure kusoshi sai ƙarfen ya riƙa lotsawa a hankali, ɗaurin ya sake, gasket ya ƙone bayan wata biyu ko uku. A canza gasket, ya sake ƙonewa. Mai mota ya yi ta zargin makaniki ko gasket na jabu, alhali ƙarfen ne ya mutu. In kafireta ta narke a kusa da shi, ko wutar ta daɗe bayan ruwa ya zube, ya fi sauƙi a nemi wani tof silinda na hannu.

Sifirin ɗin bawul ma haka suke. Zafi na kashe musu ƙarfin dawowa. A jera su a kan tebur a gwada tsawonsu da sabo. Wanda ya gajarce ko ya canza launi zuwa shuɗi ya tashi aiki. Ni dai na ga ya fi kyau a canza su duka, tunda ba su da tsada in aka kwatanta da ɓarnar bawul da ya faɗa kan fistin ana cikin gudu.

Karanshaf yana can ƙasa cikin mai, don haka shi ne ya fi tsira. A duba launinsa, a kai a auna miƙewarsa. Metal ɗin da yake juyawa a kansu, da duk wani gasket da sil na roba, har da na gindin silibi, sababbi za a sa ko da tsofaffin sun yi kama da lafiyayyu.

Wata magana ta lafiya: tokar motar da ta ƙone ba irin tokar murhu ba ce. Akwai ruwan batir, akwai ƙonanniyar leda, kuma tsofaffin gasket da takalman birki na wancan zamani sau da yawa suna da asbesto, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Kada a hura da iska, a jiƙa a goge, a sa safar hannu, a kuma hana yara wasa a cikin gawar motar.

Lissafin kuɗi

Ba zan rubuta farashi ba, domin kafin wannan takarda ta iso hannunku ya canza. Amma ga yadda muka yi. Mun raba allo gida uku: kuɗin gyara wannan inji, kuɗin sayen wani inji na hannu a Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da abin da za a samu in an sayar da motar yadda take. Muka tura mutum biyu, ba ɗaya ba, suka jiyo farashi.

Abin da ya fito fili shi ne kayan waje su ne ke cinye kuɗi: kafireta, distiributa, kwayil, dainamo, kik, famfon mai, famfon ruwa, lagireto, batir, da wayarin gaba ɗaya. Injin hannu yakan zo da wasu daga cikinsu a jikinsa, don haka wani lokaci sayensa ya fi gyara araha. Amma shi ma tsoho ne, ba ka san tarihinsa ba, kuma tunda an daɗe da daina ƙera su, mai kyau sai an tona. Wanda ka buɗe ka auna da idonka ka san abin da ke cikinsa. Ma'aunin da na ba ƙungiya shi ne: in bulok da karanshaf lafiya suke, a gyara. In ɗayansu ya tafi tare da tof silinda, a sayi wani. In kuma za a sayi wani, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, a je a gyara takardun mota, don kada a shiga rigima a shingen bincike.

Kada kuma a manta cewa inji ba shi kaɗai ke gaban mota ba. Tukunyar birki da bututunta, robobin sitiyari, da ƙarfen da inji ke zaune a kansa duk sun sha wutar. Inji mai kyau a motar da birkinta ya dahu haɗari ne ga duk wanda ya hau. In ƙashin motar ya lanƙwashe ko ya yi laushi, a ceci injin a sa shi a wata mota, a sayar da sauran.

Wasu 'yan ƙungiya sun tambaya ko inshora za ta biya. Inshorar da yawancinmu ke yanka, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta na ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai. Gobarar motarka ba ta ciki, sai in ka yanki mai haɗe da gobara da sata, ko cikakkiya.

Daga ina wutar ta taso?

In ba a amsa wannan ba, gyaran banza ne. A tsofaffin motocinmu sanadin bai cika wuce waɗannan ba: tiyon fetur da ya bushe ya tsage, ɗan bututun tagulla da ke bakin kafireta ya sake ya fita, kafireta mai ambaliya, tafiya ba matatar iska, ɗura fetur a maƙogwaron kafireta don mota ta tashi, waya da aka haɗa ba fis, ko fis da aka maye gurbinsa da zaren waya. Gurɓataccen mai ma na cin roba. Mun tuna fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya lalata motoci da dama. Akwai kuma ɗabi'ar ɗaure jarka a saman mota a ja tiyo zuwa inji in famfon mai ya mutu. Tukunyar kashe gobara da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya, da yawanmu muna ajiye ta ne don nunawa, wata ma ba komai a cikinta.

A motar ƙungiyarmu, tiyon fetur ne. Direba ya ce ya yi kwanaki yana jin wari, ya naɗe wurin da robar tayar keke yana jiran ranar kasuwa ya sayi sabo.

Da aka sauke injin, an sami ƙasa a silinda biyu, kafireta ta lotsa ta gefe guda, baƙin mai kuwa na nan da ruwansa. Gwajin alli bai nuna tsaga a bulok ba, karanshaf ma ya auna daidai. Ƙungiya ta amince a sayi tof silinda na hannu, da sabon saitin silibi da fistin, a kuma sake wayarin da bututun birki gaba ɗaya. Ma'aji ta kafa sharaɗin cewa ba za a taɓa kuɗin taki ba, don haka aka sayar da tsohon tof silinda da lagireto da ƙonannun wayoyi wa 'yan gwangwan a kan kilo, aka kuma yi karo-karo na wata uku. Motar ta koma hanya kafin shuka. An rubuta a littafin ƙungiya cewa duk ranar taron wata, mutum biyu za su buɗe gabanta su duba tiyon fetur da fis, su kuma ɗaga tukunyar kashe gobara su duba allurarta.